Kirinjijiya, Mai Fito Cikin Dare

Masu kaza a kasuwar Sabon Gari ta Kano sun san agwagwar gida, mai nauyin jiki da tafiyar rangaji. 'Yar uwarta ta daji kuwa, kirinjijiya, sai wanda ya kwana kusa da fadama ya san ta. Fuskarta fara fat kamar an shafa mata alli, ƙeyarta baƙa, ƙirjinta ja, haƙarƙarinta zane-zane. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Nata kukan fito ne siriri, sau uku a jere, wanda garke ke yi in ya tashi kiwo bayan magariba. Da dare take cin 'ya'yan ciyawa da na bado, wani lokaci har ta faɗa gonar shinkafa, manomi ya wayi gari yana salati.

Ba baƙuwa ba ce irin agwagin da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. A nan take haihuwa. Da damina ta kankama sai ta yi sheƙa a ƙasa, cikin ciyawar bakin ruwa, ta saka ƙwai shida zuwa goma sha biyu. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci har kusan mako huɗu, in sun sami sarari kuma su riƙa tsefe wa juna gashin wuya da baki. 'Ya'yan na bushewa sai ruwa.

Kano ma ta taɓa samun irin wannan mafaka. Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara, mai baƙin ruwa, wanda mutanen dā ke girmamawa. Yau Jakara magudana ce da ke ratsa Fagge da Sabon Gari ɗauke da dagwalo, kududdufai da yawa kuma an cike su an yi gini.

Ɗaya daga cikin manyan gidajen kirinjijiya yanzu shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2000, dausayin Baturiya da tafkin Dagona suka biyo baya a 2008. A watan Janairu masana kan shiga kwalekwale su ƙidaya tsuntsayen wurin.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu. Inda kuma ruwan da ake saki daga madatsun ya daina janyewa da rani, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ta hana masunta da manoma sakat. Daga waɗannan koguna ne ake tace ruwan famfon Kano. Saboda haka yawan ruwan da ake saki daga madatsun, da lokacin sakinsa, su ke yanke ko sheƙar kirinjijiya a Baturiya za ta kai ga ƙyanƙyasa.