Fik Mai Matsakaicin Kauri Ya Fi Dacewa da Mai Koyon Jita

Mai koyon jita yakan zuba ido a kan hannun da ke danne tsirkiya, ya bar ɗaya hannun ya yi yadda ya ga dama. Alhali sauti daga hannun da ke kaɗawa yake fitowa, ta bakin ɗan faifan roba mai kusurwa uku da makaɗa ke kira fik. Ra'ayina shi ne sabon shiga ya ɗauki fik mai matsakaicin kauri, tsakanin milimita 0.60 da 0.80, ya tsaya a kansa har hannunsa ya saba, domin yawan sauya fik yana hana shi gane ko matsalar daga robar take ko daga riƙonsa.

Hujjar tana cikin yadda fik ke lanƙwasa. Siririn fik, kamar mai milimita 0.50, yakan tanƙware kafin ya saki tsirkiya, sai sauti ya ɗan makara bayan motsin hannu. Idan ana share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya wannan ba ya damun kowa, amma da zarar an zo fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya sai kiɗan ya yi ta tuntuɓe. Mai kauri kuwa, irin Jazz III na kamfanin Dunlop da ya haura milimita 1, ba ya lanƙwasa ko kaɗan, don haka yakan maƙale ko ya suɓuce daga hannun da bai iya sassautawa ba. Na tsakiya yana ba da damar koyon ayyukan biyu da abu guda. Samunsa ma ba wuya: a jerin Tortex, wanda Dunlop ya fitar a 1981, launi ne ke nuna kauri, ruwan lemo 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88. Siffar da aka fi sani, mai lamba 351, ta samo asali ne daga kamfanin D'Andrea na New York, wanda ya fara yin fik da seluloyid a 1922, lokacin da ake ji da na ƙoƙon kunkurun teku, kafin yarjejeniyar CITES ta 1973 ta kai ga hana cinikinsa.

Sai dai kauri rabin zance ne, riƙo shi ne sauran. Ana kwantar da fik a gefen gaɓar farko ta yatsa manuni, babban yatsa ya danne shi, a bar tsininsa ya leƙo kaɗan kawai. Matsewar ta tsaya daidai yadda ba zai faɗi ba, domin riƙon ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu, kuma daga wuyan hannu motsi ya kamata ya taso, gwiwar hannu ta taimaka kawai wajen sharar tsirkiyoyi. A ɗan karkata fik don gefensa ya zame a kan tsirkiya, sannan a saba da bugu ƙasa da sama bi da bi tun ranar farko, a hankali, da manhajar ƙidayar bugu a kan 60 a minti.

Wani zai ce siririn fik ya fi sauƙi ga sabon shiga. Gaskiya ne, amma sauƙin nan ɓoye taurin hannu yake yi, ranar da aka buƙaci sauri kuma sai a dawo koyo daga tushe. Wani kuma zai kawo Brian May na ƙungiyar Queen, wanda ke kaɗawa da tsofaffin sulallan Ingila, ko Wes Montgomery da babban yatsansa, ko Ali Farka Touré na Mali da ya yi suna da kiɗan yatsu. Waɗannan duk sun nuna fik ba dole ba ne, kuma wanda salon Sahel ya ja hankalinsa yana da dalilin bin hanyar yatsu. Amma kowannensu abu ɗaya ya riƙe shekara da shekaru har ya zama muryarsa, wanda shi ne ainihin abin da ake nema daga mai koyo. Ya sayi rawaya guda uku, tunda fik ba ya wuyar ɓata, ya bar gwajin sauran sai ranar da kunnensa ya iya faɗa masa abin da na hannunsa ya kasa yi.