Ina Ake Kai Naman Da Aka Yanka A Jikinka?

Idan likita ya cire maka ƙari, ko ya gutsiri ɗan nama a wani kumburi, za ka ga an jefa shi cikin kwalba mai ruwa, an rubuta takarda an manna. Sai a ce maka ka dawo bayan sati kaza ka ji sakamako. Mutane da yawa ba sa dawowa. Wani yana ganin tunda an cire abin, wurin ya warke, magana ta ƙare. Wani kuɗin mota ne ya hana shi. Wani kuwa zargi ne a ransa: me za su yi da naman mutum? Ɗan'uwa mai karatu, naman naka ne, don haka ya kamata ka san inda yake zuwa da waɗanda suke dubansa.

Abin da hannu ba ya ganewa

A ce kaluluwa ta fito maka a wuya, ta yi wata biyu ba ta baje ba. Tana iya zama tibi, irin wanda ke kama wuya maimakon huhu. Tana kuma iya zama sankara, wato ciwon daji. A hannu duk ɗaya suke, kuma kowannensu yakan zo da rama da zazzaɓi da gumin dare. Amma maganin tibi dabam, ana shan sa wata 6, na sankara dabam. In aka ba mai sankara maganin tibi, wata shidan nan duk ciwon yana ci gaba da yaɗuwa. Haka yake ga ƙullutu a nono. Wani ba shi da lahani, a cire shi ke nan. Wani kuwa cirewar farkon magani ce kawai. Likita komai ƙwarewarsa, in ya shafa da hannu zato yake yi. Tabbaci sai an duba naman da madubin likita, na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa har sau ɗaruruwa.

Akwai likita na musamman mai wannan aiki. Ba za ka gan shi a ɗakin majinyata ba, wataƙila ma ba za ku taɓa haɗuwa ba. Mu kira shi likitan awon nama. In ka ji ma'aikatan asibiti suna cewa "anapat", aikinsa suke nufi.

Daga kwalba zuwa gilashi

Ruwan da ke cikin kwalbar sunansa fomalin. Shi ne ke hana naman ruɓewa, ya tsayar da shi yadda yake a lokacin da aka cire. A ɗakin awo sai a tsotse ruwan da ke jikin naman, a dasa shi cikin kaki irin na kyandir, ya daskare. Daga nan wata na'ura mai kaifin gaske ta riƙa fere shi salle-salle. Kowane salle ya fi silin gashin kanka siranta fiye da sau goma, har haske yana ratsa shi. A shimfiɗa shi kan ɗan gilashi mai tsawon santimita 7 da rabi, faɗi 2 da rabi.

A nan babu abin da ake gani tukuna, sai an rina, kamar yadda farin ƙyalle ke shiga marina. Rini biyu ake sawa. Na farko, wanda ake samu daga wani itace na yankin Amurka ta Tsakiya, yana mayar da tsakiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya. Na biyu yana ba sauran naman launin ruwan hoda. Sai likitan awon nama ya duba jerin ƙwayoyin. Na lafiyayyen nama a tsare suke kamar kunyoyin gona. Na sankara kuwa sun bar layi, wasu manya wasu ƙanana, suna kutsawa inda ba wurinsu ba.

Matsalar ita ce waɗannan likitoci ƙalilan ne. A Afirka kudu da Sahara, in aka yi lissafi, kusan guda ɗaya ne ga mutum miliyan ɗaya, kuma galibinsu a manyan birane suke. Shi ya sa kwalbarka take yin tafiya, shi ya sa kuma ake ce maka ka jira. A dā, in likitan ya ga abin da ya shige masa duhu yana son shawarar wani, dole a naɗe gilashin a aika, ya yi makonni a hanya, in ma bai fashe ba.

Gilashi ya koma hoto

Yanzu akwai na'ura da ake zura gilashin a cikinta. Tana bin sa daga gefe zuwa gefe, tana ɗaukar ƙananan hotuna dubbai, sannan ta ɗinke su su zama hoto guda. Ka san yadda kake buɗa yatsu biyu a kan hoto a salula don ya girma, amma da ka matsa sai ya dushe? Wannan ba ya dushewa. Likita yana iya ganin sallen gaba ɗaya a allon kwamfuta, sannan ya yi ta matsowa har ya kai ga ƙwaya guda. Hoton yana da nauyi, na gilashi ɗaya yakan wuce giga guda, amma ana iya buɗe shi ta intanet daga ko'ina. Aika hoton nama zuwa nesa ba sabon abu ba ne, a ƙasar Nowe sun fara tun 1989 tsakanin wani ƙaramin asibiti na can arewa da babban asibiti. A 2017 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince likita ya yanke hukunci daga irin wannan cikakken hoto, ba sai ya leƙa madubi ba.

Babban amfaninsa shi ne idanu da yawa su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya. Misali, a Lilongwe, babban birnin Malawi, an buɗe ɗakin awon nama a asibitin Kamuzu a 2011. Likitocin can suka riƙa zama kowane mako tare da takwarorinsu na wata jami'a a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Kowa yana inda yake, hoton yana gabansu duka. Likitan da ke jinyar mara lafiya ya faɗi shekarunsa, da inda kumburin yake, da tsawon lokacin da ya yi. Likitan awon nama ya nuna abin da ya gani. Wani ya ce a koma gefen hagu, a matso. Su yi muhawara, su tsaya a kan sunan ciwon, sannan a zaɓi magani.

Ga irin abin da ake dubawa a zama irin wannan. Akwai wata sankara da ke kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Takan kumbura muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi girgiɗi, cikin ƴan makonni fuskar yaro ta sauya. Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958, ana kuma kiran ta da sunansa. A madubi tana da kama da ba a mantawa: shuɗi mai duhu cunkus, da ɗigo-ɗigon fari a warwatse, kamar taurari a daren da babu wata. Iyaye sukan ce a yanke kumburin kawai. Alhali wannan ciwo da magani ake yaƙar sa, ba da wuƙa ba, kuma in an fara da wuri kumburin yakan soma sacewa cikin kwanaki. A nan kowane mako da aka rage na jira yana da daraja.

Masu koyo

Ɗaliban likitanci a dā akwatin gilasai ake ba su. Wani ya fashe, wani rininsa ya koɗe. In ciwon ba kasafai ake samun sa ba, gilashi ɗaya ne ga aji duka, a yi ta layi a bakin madubi, malami yana cewa a duba can sama, ɗalibi yana gyaɗa kai bai ga komai ba. Da hoto kuwa, malami zai haska shi a bango, ya zagaye wurin da yake nufi, kowa ya gani, ɗalibi kuma ya sake buɗewa da dare shi kaɗai.

Kada ka ɗauka koyon daga waje kawai yake zuwa. Tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini ga masu shiga ruwan tafki da na noman rani, tana zuba ƙwai a bangon mafitsara. A madubi ana ganin ƙwan da ƴar ƙaya a ƙarshensa, kuma in ya daɗe shekaru yana iya jawo sankarar mafitsara. Likitan Turai yana iya yin shekaru bai ga ko ɗaya ba. Na ƙasashenmu ya saba da shi, a nan shi ne malami.

Wataƙila ka ce, to hotona zai yi yawo a duniya ke nan? Ba fuskarka a ciki, ba jikinka. Ko mahaifiyarka ba za ta gane ka a shuɗi da ruwan hodan nan ba. Ƙa'idar aikin ita ce a cire suna a sa lamba kafin a nuna wa masu koyo ko likitocin nesa. Kana da ikon tambaya ina za a kai naman, wa zai gani.

Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba. Tana da tsada, tana son lantarki da intanet mai ƙarfi. A wasu wurare salula ake ɗorawa a idon madubi a ɗauki hotuna kaɗan a aika. Yana taimakawa, sai dai na nesa ba ya ganin komai sai wurin da mai ɗauka ya zaɓa. Kuma duk kyawun na'ura, ba ta gyara naman da ya lalace. In ya bushe ko ya ruɓe kafin ya isa, babu likitan da zai iya karanta shi, a nan ko a Turai.

Abin da ya rage a hannunka

Ana yawan cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta hana mutane da yawa yarda a ɗebi nama. Abin da ke faruwa shi ne, mutum yakan zo asibiti bayan ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ɗora laifin a kan awo. Ɗibar naman ba ita ke watsa ciwon ba, jinkiri ne ke ba shi lokaci.

In an ba ka kwalbar ka kai wani gari da kanka, ka kai ta da wuri, tare da takardarta. Kada ka buɗe, kada ka zubar da ruwan ko ka canja shi da na sha, kuma ka nisanta ta da yara, don fomalin guba ne. Wasu sukan so su tafi da naman gida su binne. Ka faɗa wa likita damuwarka tukuna, domin wanda aka binne ba a awo da shi, kuma ba kullum ake samun wani a sake ɗiba ba.

Ka bar lambar waya mai aiki, da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci, ka tambayi ranar dawowa a rubuta maka a kati. Ko wurin ya warke sarai, ka dawo. Wani lokaci za a ce ana bukatar ƙarin rini ko ƙarin nama kafin a tabbatar, wannan ba alamar an yi sakaci ba ne. Ranar da aka ba ka takardar sakamako, ka ce a bayyana maka da Hausa: mene ne sunan ciwon, an cire shi duka ko da saura, sai kuma me za a yi gaba. Ka adana takardar cikin leda inda gara da ruwa ba za su kai ba, ka riƙa zuwa da ita duk asibitin da ka je.