Dutsen Washi da Wuƙar Yanka a Ƙasar Fagam

Ka sani, ya mai karatu, idan Babbar Salla ta gabato, magidanci a Fagam da Gwaram da Birnin Kudu yakan yi kwanaki yana cinikin rago, yana duba haƙori da ƙaho da ƙiba, amma wuƙar da za a yanka ragon da ita sai safiyar Idi ake tunawa da ita. A zaro ta daga kube duk tsatsa, a goga ta sau uku a bakin turmi ko dutsen niƙa, a ce ta yi. Alhali kuwa halaccin naman nan yana rataye ga kaifinta.

Dalili shi ne, a mazhabar Malikiyya yanka ba ya inganta sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya guda biyu. Mai Risala, watau Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya bayyana cewa wanda ya yanke sashe, ya ɗauke hannu, sa'an nan ya komo ya ƙarasa, ba a cin abin da ya yanka. To, me ke sa mutum ya ɗauke hannu in ba dakusasshiyar wuƙa ba? Rago na kuɗi mai yawa sai ya zama mushe, iyali su wuni ba nama. Har wa yau, hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda aka karɓo daga Shaddadu ɗan Ausu, ya yi umurni da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Malamai kuma sun karhanta a wasa ta a gaban dabbar tana kallo.

Ƙasar nan ba ta rasa duwatsu ba. Wanda ya je Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin pa, da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950. Tsaunukan Fagam ma irinsu ne, pa mai tauri, mai manyan ƙwayoyi masu ƙyalli. Irin wannan dutse ya dace da niƙa, ya dace da gyara bakin gatari ko fartanya bayan maƙeri ya koɗa su. Amma ga wuƙar yanka ya yi kaushi, gama manyan ƙwayoyinsa sukan bar ƙananan giɓi a baki, wuƙa ta riƙa ja kamar zarto. Dutsen da ya fi shi a wannan aiki shi ne na yashi wanda ya dunƙule, irin na wajen Gombe, domin ƙwayarsa ƙanana ce, kuma tana zubewa kaɗan kaɗan sabuwa ta fito.

Mai zaɓen dutse ya duba abu uku kafin ya biya. Ya shafa shi da farce, ya ji ko laushinsa ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan. Ya ɗora wuƙa a kwance a kansa, in haske ya ratsa ta ƙarƙashi, dutsen ya yi kwari, zai ɓata baki. Sa'an nan ya zuba ruwa ya goga ƙarfe: dutsen kirki yakan fid da baƙin ruwa nan da nan, alamar yana cin ƙarfe; wanda wuƙa ke zamewa a kai kamar tangaran, a bar wa mai shi.

Akwai kuma dutsen kanti mai fuska biyu. Wannan ba haƙo shi ake yi ba, ƙera shi ake yi da wani gari mai tsananin tauri. Irin garin da ake kira Carborundum, Edward Acheson ne ya gano shi a Amurka a 1891. Fuska mai kaushi ta fid da giɓi ce, mai laushi ta kawo kaifi. Mutane da yawa sukan tsaya ga mai kaushin don ta fi sauri, wannan kuwa kuskure ne. Kuma dutsen da aka saba masa da mai, ba ya komawa shan ruwa, sai a zaɓi ɗaya tun farko. Injin washi na kasuwa yana da sauri, amma in bakin wuƙa ya yi zafi har ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi, ba ta sake riƙe kaifi.

Wajen washi, a ɗaga bayan wuƙa daga dutse gwargwadon kaurin alƙalami, kada hannu ya riƙa hawa da sauka. A ci gaba har yatsa ya ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, sa'an nan a juya.

Wannan siririn ƙarfe shi ne aikin fata. Wanzamai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa za ka ga bayan dutse suna kai aska ga fata ko tafin hannu. Fata ba ta cin ƙarfe yadda dutse ke yi, tana kakkaɓe abin da ya lanƙwashe ne ta miƙe bakin. Jar fatar akuya ta Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa, ta yi suna har ƙasashen Turai, amma ga wannan aiki ta cika taushi, takan naɗe baki. Fatar saniya jemammiya mai kauri ta fi, a kafe ta a kan katako mai miƙe. A kan fata kuwa baya-baya ake jan wuƙa, bayanta ne ke gaba, in ba haka ba ta yanke fatar. Wanzami kuma ya tuna washi ba tsarkakewa ba ne. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta zuwa ga wani, sai an wanke ta an tafasa ta.

Gwajin kaifi na almajirai ya isa: wuƙar da ta fiƙe alƙalami ba ta tsage karan ba, ta aske gashin hannu ba ta ja ba, ta kai a yanka rago da ita. A shafa mata ɗan mai, a mayar kube tun jajibere.