Wace Bindiga ta Dace da Manomi?

A birnin Kano, kusa da Dutsen Dala, akwai Ƙofar Mazugal. An ce sunanta ya samo asali ne daga zugazugin maƙeran da suka zauna a wurin. Maƙeran ƙasarmu sun iya fartanya da garma, wasu har da bindigar toka. To, amma in birai da gyado sun dame mu a gona, ita ce ya kamata mu nema? Bari mu duba tare, 'yan'uwa.

Tun da fari mu san doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Bindigar soja da fistol, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi, lasin ɗinta daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa. Ta toka kuwa tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A 2023 Sufeto Janar ya dakatar da ba da sabon lasin, saboda haka kada mu ba kowa ko kwabo sai mun je hedkwatar 'yan sanda a Bompai mun ji inda maganar ta kwana.

Bindigar toka tana da araha, amma harbi ɗaya ne sai a sāke ɗura albarushi, damina kuma tana jiƙa shi. Sau da yawa da bututun famfo ake yin bakinta, in ɗuri ya yi yawa sai ya fashe a hannun mai ita. Raifal kuma harsashinta ɗaya ne, yana tafiya da nisa ƙwarai. Ko ƙaramin nan mai lamba .22 yana iya wuce mil guda. A cikin dawa mai tsayi, wa ya san inda mace mai itace ko yaro mai kiwo yake?

Shawararmu ita ce bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, mai lamba 12, baki ɗaya ko biyu. Aikinta bai wuce yadi 40 ba, kuma ba bindiga ake sakewa ba, harsashi ne:

1. Lamba 6 domin fakara da zabin daji.
2. Lamba 4 ko BB domin zomo da beguwa.
3. SSG domin gyado, ko mahaukacin kare in ya shigo gari.

Mu duba tsawon harsashin da aka buga a jikin bindigar. In an rubuta milimita 70, kada mu sa mai 76. Kada kuma harsashi mai lamba 20 ya shiga aljihu ɗaya da na 12, gama yakan zarce ciki ya toshe baki.

Lasin na mutum ɗaya ne, ba na ƙungiya ba. Don haka kowace ƙungiyar gama kai ta dogara ga mutum guda mai haƙuri, marar shaye-shaye, kada a yi aro. Ya ajiye bindiga babu harsashi a ciki, ya kulle harsasai dabam inda yara ba su kaiwa. An hana farauta a gandun dajin Falgore. In shanu suka yi mana ɓarna, maganar ta dagaci ce da hukuma, ba ta bindiga ba. Hatsi yana sāke tsirowa, rai ba ya komowa.