Abin da Bangon Tasha Ke Faɗa wa Matafiyi

A wata tashar mota da ke birnin Kano, bangon da ke bayan teburin mai shayi ya cika da takardun neman ma'aikata, sabuwa a kan tsohuwa. Ana neman mai gadi, ana neman yarinyar da za ta zauna a rumfar POS, ana neman malamin lissafi a makarantar kuɗi. Fasinjan da ke jiran mota ta cika ba kasafai yake ɗaga kai ya dube su ba, hankalinsa na kan ɗan kamasho da kayansa. Alhali duk wanda ke son sanin yadda talaka ke rayuwa a garin da ya sauka, wannan bango zai faɗa masa gaskiyar da ba zai ji a sanarwar hukuma ba. Labarin zuciya, in ji Bahaushe, a tambayi fuska.

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kano kuma ta tsayar da nata a 71,000. Amma dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho, da masu ƙwadagon gona na lokaci. Shaguna, gidajen abinci da ƙananan makarantu, waɗanda su ne masu manna takardun nan, galibinsu suna cikin waɗanda aka tsame. Shi ya sa yawancin takardun ba sa ambaton kuɗi ko kaɗan, sai dai a ce "albashi sai an zauna". Inda aka rubuta adadi kuma, sau da yawa bai kai na doka ba.

Sharuɗɗan da ke ƙasan takardar sun fi adadin kuɗin magana. Idan aka ce "dole ya zama mazaunin unguwa", mai shagon ya riga ya yi lissafi cewa wanda zai hau A Daidaita Sahu safe da yamma albashinsa a hanya zai ƙare, musamman tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Idan aka ce "akwai abincin rana", shaida ce cewa kwanon shinkafa da na wake sun yi tsadar da ciyarwa ta zama rabin albashi. Idan kuwa aka ce "akwai wurin kwana", to kuɗin haya ya fi ƙarfin ɗan ci-rani, kuma mai yiwuwa aikin ba shi da lokacin tashi.

Wani zai ce bango ba ma'auni ba ne, domin a Kantin Kwari, Kasuwar Singa da Dawanau ba da takarda ake ɗaukar yaro ba. Uba ne ko kawu ke kai shi wurin ubangida, ya yi shekaru yana koyo, a ƙarshe a sallame shi da jari. Wannan gaskiya ne, amma yana ƙara wa hujjar ƙarfi: wanda ke karanta bango shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma da halinsa ake gane ƙasan kasuwar ƙwadago. Wani kuma zai kare mai shago, ya ce kuɗin wuta, man janareta da haraji sun matse shi, da babu gara ba daɗi. Shi ma yana da gaskiyarsa. Sai dai matsi ba ya hana mutum rubuta abin da zai iya biya. Ɓoye adadin yana sa matashi ya kashe kuɗin mota daga Bichi ko Wudil, ya zo ya tarar da abin da ba zai riƙe shi ba, kuma yana buɗe ƙofa ga 'yan damfara masu karɓar kuɗin fom.

Saboda haka, ya kai mai neman ma'aikaci, rubuta albashi da awannin aiki a fili, domin haƙƙin mai gumi abin tambaya ne gobe kiyama. Hukumomin ƙwadago kuma su sani, albashin da doka ta yanka bai iso wannan bango ba tukuna.