DAGA RANDAR LADI KWALI ZUWA ADON ƊAKIN ZAMANI

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Tun shekarar 2007 hoton nan yake yawo cikin aljihunanmu, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi ko wace ce ba. To, ita ce Dokta Ladi Kwali, kuma labarinta yana da darasi babba game da wani salon ƙawata gida da ya karɓu a zamanin nan.

Salon kuwa shi ne haɗa kayan da aka yi da hannu wuri ɗaya bisa tsari na zamani, watau a sami tukunyar yumɓu a kan teburin katako, da kujera mai shimfiɗar fata, da tabarmar kaba a ƙasa. Masu tsara kayan ɗaki a Turai da Amurka suna sayar da irin wannan da tsada. Amma a ƙasarmu an gwada haɗa aikin hannu da dabarar zamani fiye da shekaru 70 da suka wuce, an ga amfaninsa, an kuma ga illarsa.

A cikin 1950 ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Mista Michael Cardew, domin ya kyautata wannan sana'a. Bayan ya zaga ƙasa sai ya zaɓi garin Abuja na wancan lokaci, wanda aka mayar da sunansa Suleja bayan da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja. Dalilinsa shi ne akwai yumɓu mai kyau, da itace, da ruwa, ga kuma goyon bayan Mai Martaba Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. A gidan Sarkin ne Cardew ya ga waɗansu manyan tukwane da suka ba shi mamaki, aka gaya masa aikin wata mata ce daga garin Kwali na ƙasar Gwari. A cikin 1954 Ladi ta shiga makarantar koyon ginin tukwanen da ya buɗe, ta zama mace ta farko a cikinta.

Ladi ta zo da abin da ta koya tun tana yarinya. Da hannu take ɗora yumɓu sahu bisa sahu tana zagaya tukunyar, sa'an nan ta zana mata kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi. A makarantar kuwa sai ta tarar da keken juya yumɓu, da ruwan ƙyalli wanda ake haɗawa da toka da niƙaƙƙen dutse, da kuma rufaffiyar matoya mai zafin da ya haura digiri 1,200. Da aka gama gwanintar hannunta da wutar Cardew sai aka sami wani abu sabo: randar Gwari mai ƙarfin tangaran da ƙyalli.

Nan da nan sunanta ya watsu. An nuna ayyukanta a birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta sami lambar girma ta MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dokta a 1977, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980. Ta rasu a Minna a 1984.

ABIN DA AKA RASA

Sai dai fa akwai wani gefe na labarin wanda ya kamata mai karatu ya lura da shi. Randar gargajiya, da yake a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, jikinta yana tsatsafar da ruwa, iska kuma tana busar da shi, shi ya sa ruwan da ke ciki yake sanyi ko da a tsakiyar bazara. Da aka shafa mata ƙyalli aka gasa ta da wuta mai tsanani sai ƙofofin nan suka toshe. Ta yi kyau, ta yi nauyi, ta yi tsada, amma ta daina sanyaya ruwa. Watau ta tashi daga gindin rumfa ta koma falo. Galibin masu sayen kayan makarantar Turawa ne da manyan ma'aikata, talaka kuwa ya ci gaba da tulunsa da kwanon tasa.

Ba a faɗi wannan don a rage darajar aikin ba, an faɗe shi ne don a gane cewa ba kowane gyara ne yake ƙara wa abu amfani ba. Waɗanda suka biyo baya sun fahimci haka. Magdalene Odundo, 'yar asalin ƙasar Kenya, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu wurin Ladi da sauran matan makarantar. Ta shahara a duniya da tukwanen da take ginawa da hannu, ta goge su har su yi sheƙi, ba tare da ruwan ƙyalli ba, watau da dabarar da matan ƙauye suka gada.

Haka kuma Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya daga 1957 zuwa 1961, ya shafe rayuwarsa yana tsara gine-gine da kayan cikinsu da jar ƙasa da katakon gida, yana la'akari da zafin ƙasarmu da iskarta. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine a birnin Venice na ƙasar Italiya. Duka biyun sun fara tambayar abin da kayan gida suka iya kafin su ɗora musu wani abu na waje.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kayan aiki dai ba mu rasa su ba. Ga kujerar Nufawa ta Bida wadda ake sassaƙawa daga gungume ɗaya har da ƙafafunta. Ga jar fatar Sakkwato da Kano, ga rinin Ƙofar Mata, ga gwangwala, da kaba, da ƙwarya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsarawa, wanda zai zauna da masassaƙi da baduku da maginiya, ya auna tsawo da faɗi, ya fitar da kujera ko tebur ko fitila da za su dace da ɗakin ma'aikaci, su daɗe, kuma kuɗinsu kada ya fi ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ba a yi haka ba, roba za ta ci gaba da korar tulu da tabarma daga gidajenmu, tsofaffin masu sana'a kuma su tafi da iliminsu, domin yaro ba ya gadon sana'ar da ba ta ciyar da ubansa ba.

Saboda haka kira na farko ga ma'aikatan gwamnati ne, musamman masu sa hannu a takardun sayen kayan ofis da na masaukin baƙi. Kafin a yi odar kujeru daga ƙasashen waje, a duba ko akwai wanda zai yi su a gida, a kuma tabbata kuɗin ya isa hannun wanda ya yi aikin, ba ɗan tsakiya kaɗai ba. Kira na biyu ga ɗalibai ne, masu karatun zane da na fasaha. Su je matoya da rumfar dukawa da nufin koyo, su rubuta sunan mai sana'a a jikin abin da suka yi tare. Da Sarkin Abuja bai adana tukwanen Ladi ba, bai kuma san mai su ba, da wataƙila ba mu ga hotonta a takardar kuɗinmu ba.