Tsakanin Rubutacciyar Ƙa'ida da Hangen Ƙwararre a Aikin Agajin Gaggawa: Nazari daga Manchesta da Bamingham

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda jami'in agajin gaggawa yake yanke shawara a kan majinyaci kafin a isa asibiti, musamman a inda rubutacciyar ƙa'ida ta kasa hango halin da ake ciki. An gina bayanin a kan sakamakon binciken harin da aka kai zauren Manchester Arena a shekarar 2017, da kuma tarihin jinyar masu munanan raunuka a birnin Bamingham. Maƙalar ta nuna cewa hangen jami'i ɗaya, komai ƙwarewarsa, yana rataye ne da tsarin da ke bayansa da kuma hujjar da bincike ya tabbatar.

Fitilun Kalmomi: agajin gaggawa, tantance majinyata, giɓin kulawa, zubar jini

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa an fi ɗaukar motar asibiti a matsayin abin jigila kawai, ta kai marar lafiya ko ta dawo da gawa. A Birtaniya wanda ke cikin motar ma'aikacin lafiya ne mai rajista tun daga shekarar 2000. Yana auna majinyaci, ya ba da magani, ya zaɓi asibitin da za a nufa, wani lokaci ma ya yanke cewa barin mutum a gida ya fi masa alheri. Daga 2018 doka ta ba manyan cikinsu da suka yi ƙarin karatu ikon rubuta magani da kansu.

Aikin yana da ƙa'idoji. Akwai kundin jagora na ƙasa da ake kira JRCALC, kuma tun 2017 ake raba kiran gaggawa a Ingila gida huɗu: kira na farko, irin na wanda zuciyarsa ta tsaya, ana son a isa cikin minti 7 a matsakaici, na biyu, irin na shanyewar ɓarin jiki, cikin minti 18. Sai dai ƙa'ida an rubuta ta ne a kan majinyacin da aka saba gani. Abin da wannan maƙala ta kira hangen ƙwararre shi ne basirar da jami'i ke amfani da ita ya gane ko wanda ke gabansa ya shiga cikin waɗanda aka yi ƙa'idar dominsu. Masu ilimin fiƙihu za su ga kamanni da alaƙar nassi da ijtihadi, in ban da cewa wannan mai ijtihadin minti ɗaya ko biyu yake da shi.

2.0 Daren 22 ga Mayu, 2017

Da ƙarfe 10:31 na dare, jama'a na fitowa daga wasan mawaƙiya Ariana Grande, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a farfajiyar da ake kira City Room, wadda ke haɗa zauren da tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Mutum 22 suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir John Saunders ya fitar da juzu'i na biyu na rahotonsa, wanda ya shafi aikin ceto, a watan Nuwamba na 2022.

Jami'an agajin gaggawa uku kacal na hukumar motocin asibiti ta Arewa maso Yamma suka shiga farfajiyar a daren. Na farkonsu ya shiga bayan kimanin minti 20 da fashewar, sauran biyun kuwa, daga rukunin da aka horar don wurare masu haɗari, sai da aka wuce minti 40. Ma'aikatan kashe gobara, waɗanda ke da horo da kayan ɗaukar majinyata, ba su iso ba sai bayan fiye da awa biyu. 'Yan sanda da jama'ar gari ne suka riƙa ɗaukar mutane a kan allunan talla da shingayen ƙarfe zuwa inda aka tanada a cikin tashar.

Halin da jami'in farko ya samu kansa a ciki shi ne zuciyar wannan nazari. Horonsa ya ce wanda ya fara isa wurin babban iftila'i kada ya tsaya jinyar kowa. Aikinsa ya zagaya, ya ƙiyasta yawan waɗanda abin ya shafa, ya sanar da cibiya, sannan ya tantance su zuwa mataki na ɗaya, na biyu da na uku gwargwadon kusancinsu da mutuwa. Hikimar a fili take: in ya durƙusa kan mutum ɗaya, sauran sun rasa mai yi musu magana. Amma wannan hikima tana da sharaɗi, wato a bayansa akwai masu zuwa su yi jinyar waɗanda ya tantance. A daren nan sharaɗin bai cika ba. Tantancewar da babu jinya ko ɗauka a bayanta ba ta tsayar da jinin kowa. Ba adalci ba ne a ɗora wannan a wuyan mutum guda, domin ba shi ke da ikon turo ƙarin jami'ai ba.

Me ya hana su zuwa? Da ƙarfe 10:47 jami'in 'yan sandan da ke kula da cibiya ya ayyana shirin Operation Plato, wanda aka tsara don harin 'yan bindiga masu yawo, amma ba a sanar da hukumar motocin asibiti da ta kashe gobara ba. Shirin yana raba wuri zuwa yanki mai zafi, mai ɗumi da mai sanyi, kuma kowane yanki da irin wanda aka yarda ya shiga. Da yake shugabannin hukumomin uku ba su haɗu da wuri sun auna haɗarin tare ba, kowa ya yi aiki da zatonsa, alhali babu wani ɗan bindiga a wurin.

Rahoton ya ce raunukan mutum 20 daga cikin 22 ba masu tsira ba ne ko da an yi musu komai. Game da yarinya 'yar shekara 8, ya ce akwai 'yar dama mai nisa. Amma a kan wani mutum ɗan shekara 28 hukuncin ya fito ƙarara: raunukan ƙafafunsa irin waɗanda ake tsira da su ne, kuma mai yiwuwa gazawar aikin ceto ce ta hana shi rayuwa. Wani bawan Allah daga cikin jama'a ya ɗaure masa ƙafa da bel, ya riƙe kusan awa guda. Zuciyarsa ta tsaya da ƙarfe 11:47, wato awa ɗaya da minti 16 bayan fashewar. Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma babbar jijiyar cinya in ta tsinke tana iya zubar da abin da zai kashe shi cikin 'yan mintoci. Wanda ya kai fiye da awa ɗaya da rai ya ba masu ceto lokaci mai yawa.

Kwamitin ya kira tazarar da ke tsakanin aukuwar rauni da isowar ƙwararru giɓin kulawa. Daga cikin abin da ya biyo baya, a 2023 Hukumar Lafiya ta Ingila ta fito da sabon tsarin tantancewa na daƙiƙa goma, wanda ɗan sanda ko ma'aikacin kashe gobara zai iya bi. Babu ƙirga numfashi ko bugun jini a cikinsa. Ana duba ko mutum yana tafiya, ko jini na ɓulɓulowa, ko yana magana, ko wani abu ya huda gangar jikinsa, ko yana numfashi, kuma tsayar da jini da buɗe hanyar iska suna cikin tantancewar kanta.

3.0 Bamingham da Ilimin Rauni

A 1941 aka buɗe Asibitin Haɗurra na Bamingham ƙarƙashin likitan fiɗa William Gissane, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin asibiti na farko a duniya da aka keɓe don masu rauni. An rufe shi a 1993. Asibitin Sarauniya Elizabeth, wanda sabon gininsa ya buɗe a 2010, shi ya gaji wannan suna. A nan cibiyar likitancin sojan Birtaniya take, nan aka riƙa kawo sojojin da suka jikkata a Afganistan, nan kuma aka yi jinyar Malala Yousafzai a 2012. Daga fagen yaƙin ne aka gyara tsohon jeri na hanyar iska, numfashi, sannan jini: yanzu mummunar zubar jini ita ake fara tarewa.

Tun 2012 Ingila ta tsara manyan cibiyoyin rauni, kuma aka ba jami'in motar asibiti izinin wuce asibiti mafi kusa ya nufi cibiyar da ke da likitocin fiɗa a shirye. Nazarin da aka buga a 2018 ya nuna damar tsira ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari bayan an yi la'akari da tsananin raunuka. To amma takardar da ke jagorantar wannan zaɓi ta fi gane matashin da babur ya kayar. Cibiyar tattara bayanan rauni da a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Manchesta ta nuna a rahotonta na 2017 cewa faɗuwa daga ƙasa da mita 2 ita ce kan gaba wajen jawo wa tsofaffi mummunan rauni, kuma sau da yawa ba a gane tsananinsa da wuri. Tsohuwar da ta zame a ɗakin girki tana iya yin magana daidai, bugun zuciyarta bai hau ba saboda maganin hawan jinin da take sha, alhali maganin tsinka jini ya sa jini na taruwa a cikin ƙoƙon kanta. Jami'in da ya buɗe jakar magungunanta ya karanta shi zai gane abin da ma'auni ya ɓoye.

4.0 Inda Hange ke Kuskure

Hangen ƙwararre ma yana ruɗin mai shi. Hankali ya yarda cewa wanda jininsa ya zuba, a ƙara masa jini tun a hanya ya fi a ba shi ruwan gishiri. Gwajin RePHILL da aka jagoranta daga Bamingham, wanda ya ƙunshi majinyata 432 kuma aka buga a 2022, bai sami wannan fifiko ba: kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka ba jini, da kashi 65 na waɗanda aka ba ruwan gishiri, sun rasu ko jikinsu ya kasa farfaɗowa daga ƙarancin jini bisa ma'aunin da aka sa. Gwajin ya tsaya kafin ya kai adadin da aka nufa, don haka muhawara ba ta rufu ba.

Gwajin PARAMEDIC2 na Jami'ar Warwick, wanda hukumar motocin asibiti ta yankin Bamingham ta shiga, ya fi tayar da hankali. A cikin mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya, allurar adirenalin ta ɗaga masu rai bayan kwana 30 daga kashi 2.4 zuwa 3.2 cikin ɗari, amma waɗanda suka tsira da mummunar illar ƙwaƙwalwa sun fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar. Jami'i yana ganin bugun zuciya ya dawo a cikin mota, ba ya ganin majinyacin bayan wata uku. Wannan ne ya sa abin da ido ya saba gani ba ya zama hujja shi kaɗai.

5.0 Giɓin Kulawa a Ƙasar Hausa

A Manchesta giɓin na mintoci ne. A yawancin garuruwan arewacin Nijeriya yakan kai har ƙofar asibiti. A harin Babban Masallacin Kano na 28 ga Nuwamba, 2014, kamar a haɗurran manyan hanyoyi, hannun da ya fara taɓa mai rauni na makusancinsa ne a wurin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda. 

Abin da Bamingham ta yi a wannan fanni bai buƙaci mota ko jirgi ba. Likitoci biyu, Sir Keith Porter da Tim Hodgetts, suna cikin waɗanda suka kafa citizenAID domin koya wa jama'a abin yi kafin ƙwararru su iso. Bayan kisan wani matashi da wuƙa a unguwar Digbeth a 2017, gidauniyar da iyalansa suka kafa ta yaɗa jakunkunan tsayar da jini a shaguna da wuraren taruwa, tare da hukumar motocin asibiti ta yankin, ta yadda mai amsa kiran 999 zai iya nuna wa mai kira jaka mafi kusa.

Direban A Daidaita Sahu ko ɗan ƙungiyar agaji zai iya koyon ainihin aikin cikin yini guda. Ana danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta. In jinin hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a naɗa ƙyalle mai faɗi, kamar rawani ko mayafi, a saman raunin, kada a kan gwiwa, a zura sanda a murɗa har jinin ya ɗauke, a ɗaure sandar. Igiya siririya tana yanka nama, bel kuma da wuya ya matsu yadda ake so. A rubuta lokacin da aka ɗaure a jikin majinyacin, kuma kada a sassauta a hanya don ya yi kukan zafi, sai an danƙa shi ga likita.